Babur a kan ƙanƙara: me ya kayar da ni alhali ba gudu nake yi ba?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya daɗe yana tuƙa babur a ƙasa mai zafi, bai taɓa yin faɗuwar da za a kira faɗuwa ba. Yanzu karatu ya kai shi ƙasar da ake tsananin sanyi, kuma yana aikin kai saƙo da ƙaramin babur mai injin 125. Wata rana da sassafe ya shiga shataletale a hankali, titin kamar an ɗan yayyafa masa ruwa, sai kawai ya tsinci kansa a ƙasa, gwiwa ta gurje, madubi ya fashe. Yana son ya san abin da ya yi ba daidai ba, da kuma ko sabuwar taya ko babur mai ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an matse birki, za su raba shi da irin wannan.

Ɗan'uwa, sannu da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. Koyar da tuƙin babur ne aikina, a inda ruwa ke daskarewa a kan titi duk shekara, kuma ka yi tambayar da ƙwararrun matuƙa suka fi yi mini, ba sababbin shiga ba. Amsar ba mai daɗin ji ba ce. A daidai lokacin da tayar gabanka ta hau ƙanƙarar nan kana cikin kwana, babu abin da hannunka ko ƙafarka za su yi su tsayar da babur ɗin. Iya tuƙinka bai ragu ba. Abin da ya ƙare shi ne riƙon da ke tsakanin taya da titi, kuma duk iya tuƙi a kansa yake tsaye.

Mota tana da taya 4. Idan ta zame, za ta silale tana tsaye a kan ƙafafunta. Babur kuwa ba ya shan kwana sai ya kwanta gefe, kuma abin da ke hana shi ƙarasawa ƙasa shi ne ɗan wurin da kowace taya ke taɓa kwalta, wanda bai kai faɗin tafin hannu ba. Injiniyoyi suna auna wannan riƙo da lamba. A busasshiyar kwalta yana kaiwa wajen 0.8. A kan ƙanƙara mai santsi yana sauka zuwa wajen 0.1. Da riƙon 0.8 babur zai iya kwanciya kusan digiri 40 taya ba ta saki ba. Da 0.1 kuwa, digiri 6 ne iyakarsa, ɗan karkacen da ido ma ba zai lura da shi ba. Ɗauki shataletalen da layin da kake bi a cikinsa yake da nisan mita 15 daga tsakiya. Idan ƙanƙara ta rufe shi, gudun da taya za ta iya ɗauka a wannan kwanar bai wuce kilomita 14 a awa ba. Kai da ka shiga da 20 ko 25 kana ganin ka yi a hankali, kuma gaskiya ne a busasshen titi ka yi a hankali ƙwarai, amma ka riga ka wuce abin da titin zai iya ba ka a wannan safiyar.

Birki ma haka lissafinsa yake. A gudun kilomita 50 a awa, busasshiyar kwalta za ta tsayar da kai a cikin mita 12 zuwa 13 daga inda birki ya kama. A ƙanƙara, kusan mita 100 kake buƙata, idan ma ka samu ka zauna a kan babur ɗin har ƙarshe. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya faɗa ƙarara cewa nisan tsayawa a kan ƙanƙara yana iya ninka na busasshen titi sau 10.

Abin da ya sa mutum irinka ya fi ruɗewa shi ne duk santsin da ka saba da shi yana yin gargaɗi. Yashi yana sa kan babur rawa. Taɓo yana jan baya gefe a hankali, ka ji shi a ƙugunka, ka gyara. Ƙanƙara ba ta yin wannan. Ina sa ɗalibaina su tsaya su kalli faɗuwar a filin atisaye, a gudun da bai fi na mai sassarfa ba, matuƙin sanye da cikakkun kayan kariya. Za ka ga babur yana tafe lafiya, matuƙin ya ɗan karkata kai hagu, sai tayar gaba ta shige ƙarƙashinsa zuwa dama, ba ƙarar taya, ba tangal-tangal, kafaɗarsa ta riga ta bugi ƙasa hannayensa suna nan riƙe da kan babur. Idan ya tashi ka tambaye shi me ya ji, zai ce hannunsa ya ji kai ya yi sako-sako, shi ke nan. Tayar baya idan ta zame, sau da yawa ana iya ceto ta. Ta gaba idan ta tafi a kwana, ta tafi.

Saboda haka aikin duka yana komawa ga gane wurin tun kafin ka isa, kuma a nan nake son ka fi mai da hankali.

Titin da ka ce kamar an yayyafa masa ruwa, shi ne abin da ake kira baƙar ƙanƙara. Siririn ruwa ne da ya daskare ya zama garai-garai, kana hango baƙin kwalta ta cikinsa. Dusar ƙanƙara fara ce, kowa yana ganinta ya shiga taitayinsa. Wannan kuwa kama take da jiƙaƙƙen titi, shi ya sa ta fi kayar da mutane. Akwai alamun da ke raba su. Jiƙaƙƙen titi yana da ƙara: kana jin tayoyin motoci suna fesar ruwa, kana ganin feshin a bayansu. Idan titi yana sheƙi amma motar gabanka ba ta tayar da feshi, kuma ƙarar tayarka ta ɗauke ta yi tsit, to kana kan ƙanƙara. Dubi gilasan motocin da aka ajiye a gefen hanya, dubi ciyawa da rufin gidaje. Idan raɓa ta daskare ta yi fari a kansu, ka ɗauka titin ma haka yake a wasu wurare.

Kada ka jira wayarka ta nuna maka sifiri a ma'aunin Celsius, wato sanyin da ruwa ke daskarewa. Ma'aunin yanayi zafin iska yake aunawa a sama da ƙasa, ba zafin kwalta ba. A daren da sama ta yi wasai, babu gajimare, babu iska, ƙasa tana sakin zafinta da sauri, sai kwalta ta sauka ƙasa da sifiri alhali iska tana digiri 2 ko 3. Wannan ne ya sa motoci da yawa suke kunna alamar gargaɗin ƙanƙara tun a digiri 3 ko 4. Ka riƙe wannan lambar, ita ce taka. Kuma ka sani ƙanƙarar da ke dab da narkewa ta fi wadda ta daskare ƙam santsi, domin ɗan ruwan da ke samanta. Ranar da ake cewa sanyi ya yi sauƙi, dusar jiya ta narke da rana ta kwararo kan titi, dare ya yi ta sake daskarewa, washegari da asuba ita ce ranar da na fi jin tsoro a kan ɗalibaina.

Wurare ma suna da halinsu. Gada tana riga sauran titi daskarewa, domin iska mai sanyi tana bi ta samanta da ƙarƙashinta, babu ƙasar da za ta riƙe mata ɗumi. Za ka taho a titi lafiyayye, ka hau gada ka iske ta daskare daga wannan baki zuwa wancan. Inuwar dogon gini ko ta bishiyoyi tana riƙe ƙanƙara har azahar bayan rana ta narkar da ta ko'ina. Kwari da gefen kogi suna tara iska mai sanyi da hazo. Mahaɗar hanya da bakin shataletale, inda motoci ke tsayawa su tashi, tayoyinsu suna danne dusa su goge ta har ta yi sulɓi. Sai ƙarfe da fenti: murfin magudanar ruwa, layin dogon taragon cikin gari, farin zanen tsallakar masu tafiya a ƙasa. Waɗannan ko ruwa kawai suka sha santsi gare su, balle sun daskare. Ka tsallaka su a miƙe, babur a tsaye, ba birki.

Kada gishirin da hukuma ke watsawa ya sa ka saki jiki. Manyan hanyoyi ake fara bi, lungunan unguwa su zo daga baya ko a bar su, kuma aikin kai saƙo a lungunan yake ƙarewa. Gishirin ma ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifiri. Tsakuwar da ake haɗa shi da ita tana taruwa a gefen kwana ta zama nata santsin. Yana kuma cin ƙarfe, don haka ka riƙa wanke babur da ruwan sanyi, ka duba birki, ka shafa wa sarƙa mai.

To idan duk da haka ka ji ka hau ta, kana tafiya a miƙe? Kada ka yi komai da gaggawa. Kada ka cafki birkin gaba, wanda shi ne abin da hannu ke yi da kansa idan zuciya ta tsinke. Kada ka saki totur farat ɗaya, domin injin zai ja tayar baya kamar ka taka birki. Kada ka sauke giya. Ka riƙe babur a tsaye, ka sassauta damƙar da ka yi wa kai, ka matse tanki da gwiwoyi, ka kafa ido can inda titi ya bushe. Idan babur mai kuloci ne, ka ja kulocin a hankali ya tafi da kansa, ba turi ba ja. Yawancin facin baƙar ƙanƙara 'yan mitoci ne, kuma babur da ke tsaye a miƙe ba a takura shi ba yakan wuce su. Duk rage gudun da za ka yi, ka gama shi tun kana kan titi mai riƙo, kafin kwana. Ƙafa kuma ta zauna a kan mataki. Sauke ƙafa yana da amfani ne kawai idan gudun bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba. Da gudu, ƙafar za ta kama wani abu a karya idon sawu.

Akwai faɗuwar da ta fi taka muni, kuma facin ƙanƙara ne ke jawo ta. Tayar baya ta zame gefe a kan facin, sai ta fita ta kama busasshiyar kwalta lokaci ɗaya alhali babur yana karkace. Sai ya miƙe da ƙarfi ya wurgar da matuƙi ta sama. Taka faɗuwar, wadda babur ya kwanta ka silale a bayansa, ta fi sauƙi. Idan ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, ka saki babur ya tafi, kada ka miƙa hannu a sandare don tare ƙasa, kuma kada ka yi yunƙurin tashi sai ka tabbata ka daina silalewa.

Yanzu ABS. Ina son sa, kuma ina ba kowa shawarar ya saya. A Tarayyar Turai tun 2017 duk sabon babur da injinsa ya wuce 125 dole ya zo da shi. Aikinsa shi ne hana taya kullewa idan ka matse birki: yana saki yana kamawa da sauri. A jiƙaƙƙen titi yana ceton rayuka. Amma ba ya ƙirƙiro riƙon da babu shi. A kan ƙanƙara zai yi ta sakin birkin ne kana ta tafiya, kuma a faɗuwarka ma wataƙila ba ka taɓa birki ba, kwana ce ta nemi abin da titi ba shi da shi. Ka kuma bincika naka babur ɗin da kyau. Dokar Turai ta yarda babura masu 125 su zo da haɗaɗɗen birki a maimakon ABS, wato idan ka taka na baya, wani kaso yana tafiya gaba. Mutum zai ɗauka baya kaɗai yake lallaɓawa, ashe yana matse tayar da ba ta yafiya.

Taya tana taimakawa, amma ka san iyakarta. Robar tayar bazara tana fara taurarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da wajen digiri 7, kuma a gajerun tafiye-tafiyen cikin gari ba ta samun damar yin ɗumi. Akwai tayoyin hunturu na ƙananan babura, irin waɗanda kamfanin Heidenau na Jamus ke yi, masu laushin roba da yawan tsaga. A kwalta mai sanyi, a ruwa, a narkakkiyar dusa, bambancinsu a fili yake. A kan tsantsar ƙanƙara kuwa, abin da ke kamawa sosai ƙusa ce. Finlan, Suwidin da Nowe sun yarda da taya mai ƙusoshi a watannin sanyi, Jamus kuwa ta hana. A lardin Kebek na Kanada doka ta wajabta tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, har da babura. Ka nemi dokar inda kake kafin ka kashe kuɗinka, ka kuma karanta takardar inshorarka. Iskar taya tana raguwa da kusan 0.1 a ma'aunin iskar taya da ake kira "bar" duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10, don haka ka riƙa aunawa da safe kafin ka tashi.

Na san za ka ce kana ganin bidiyon mutane suna tsala gudu a kan daskararren fili. Masu tseren babur a kan ƙanƙara a Rasha da Suwidin suna hawa tayoyi masu ƙusoshin da tsawonsu ke kaiwa milimita 28, a filin da babu mota ko ɗaya. Masu zuwa taron babura na tsakiyar hunturu da ake yi a Jamus tun 1956, da yawansu babur mai kwando a gefe suke hawa, taya 3 ke nan. Ba abin da kake hawa ba ne, ba kuma hanyar da kake bi ba ce.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ba zan bar shi ba, wato abin da sanyi ke yi wa jikinka. Idan iska tana sifiri kana gudun kilomita 50, fatarka tana jin kamar digiri 8 ƙasa da sifiri. A gudun 80 ya kusa 10. Yatsu ne ke fara mutuwa. Hannun da ya sandare ba ya iya matse birki sannu-sannu: ko bai kama ba, ko ya cafke gaba ɗaya, kuma ka ga abin da cafka ke yi a titi mai santsi. Zafin cikin jiki digiri 37 ne. Idan ya sauka ƙasa da 35, tunani yana yin nauyi, mutum ya riƙa yanke shawarar banza bai san yana yi ba. Idan ka fara karkarwa a kan babur, ko ka ga ka wuce kwanar da ka sani sarai, ka tsaya ka shiga wuri mai ɗumi. Ka sa tufafi hawa-hawa, na waje ya zama mai tare iska da ruwa, na jikin fata kada ya zama auduga domin tana riƙe gumi ta sanyaya ka. Maimakon safar hannu mai kaurin da zai hana ka jin birki, gara ka sa wa kan babur rigar tare iska ko mariƙi mai ɗumama hannu. Gilashin hular kwano yana yin hazo da numfashi. Akwai ƙaramin gilashin Pinlock da ake maƙalawa a ciki, yana maganin wannan. Rana a hunturu ƙasa-ƙasa take, tana haske idon direbobi safe da yamma, da yawansu kuma ba su gama kankare gilashinsu ba, kuma ba sa tsammanin ganin babur a wannan lokacin. Ka kunna fitila, ka sa riga mai ƙyalli, ka riƙa duban madubi duk lokacin da ka tsaya, domin motar bayanka ma a kan ƙanƙarar take.

Hular kwano mai rufe haɓa, a ɗaure. Bitar bincike da Cochrane, cibiyar da ke tace binciken lafiya, ta fitar a 2008 ta nuna hula tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Idan taka ta bugi ƙasa da kanka a ciki ranar nan, ka canza ta ko da ba ka ga tsaga ba, domin abin da ke cikinta sau ɗaya yake shanye bugu. Wando da riga masu kariya a gwiwa, ƙugu, kafaɗa da gwiwar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, su ne daidai wuraren da faɗuwar ƙanƙara ke nema.

Bayan faɗuwa, abu na farko ka bar kan titi, ka bar babur inda yake. Abin da ya kayar da kai zai hana motar da ke tafe tsayawa. Kada ka yarda da jikinka a mintunan farko, domin firgita da sanyi suna ɓoye ciwo. Idan ka ji zafi a gindin babban yatsa wajen tsintsiyar hannu, ka je asibiti: akwai ƙaramin ƙashi a wurin da ke tsagewa idan an tare ƙasa da hannu, kuma sau da yawa hoton farko ba ya nuna shi. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan jin barci ko rikicewar magana bayan kai ya bugu, ba abin jira ba ne. Idan wani ne ka tarar ya faɗi, ka kira 112 a Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada. Kada ka cire masa hula sai idan ba ya numfashi ko amai zai shaƙe shi. Ka lulluɓe shi da duk abin da ka samu, domin ƙasa mai sanyi tana zuƙe zafin jiki da sauri, kuma jinin wanda sanyi ya kama ba ya saurin tsayawa.

Na san aikin nan da shi kake biyan haya, kuma ranar da yanayi ya ɓaci ita ce ranar da saƙo ya fi yawa. Ba na raina wannan. Amma ni a wurina akwai ranakun da ba na fitar da babur, ba na kuma barin ɗalibi ya fitar: ranar da aka yi hasashen ruwan sama mai daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa, da safiyar da ta biyo bayan narkewa da daren sanyi, har sai rana ta ɗaga an watsa gishiri. Ka duba hasashen yanayi tun da dare, ka dubi mafi ƙarancin zafin da za a yi da asuba. Idan 3 ne ko ƙasa, ka nemi a mayar da aikinka tsakar rana, ka zaɓi manyan hanyoyin da bas ke bi ko da sun fi nisa, kuma idan lungu ya yi maka sheƙi, ka ajiye babur a bakinsa ka ƙarasa da ƙafa. Ka tambayi masu ba ka aiki, a rubuce, wa ke biyan asibiti da gyara idan ka faɗi a bakin aiki, ka kuma tambayi abokan aikinka da suka yi hunturu a garin waɗanne gadoji da kwanoni ne suka fi kayar da mutane.